Birki a Hannun Inna

Younoussa ya kai rabin tudun da ke bayan gonar dawakai, igiya ɗaure a ƙugunsa, tsohuwar tayar mota tana kartar kwalta a bayansa, yana caka sanduna biyu yana haurawa, sai ya ji wata mota tana rage gudu a gefensa. Bai waiwaya ba, don ya san ƙarar. A duk faɗin garin Greensboro da ke North Carolina mota ɗaya ce take tari kafin ta tsaya, ita ce tasin Malam Mamane.

"Salamu alaikum, ɗan Hajiya."

Ya ƙara gaba kaɗan kamar bai ji ba, kunya ta kama shi, ya tsaya. Ya dubi agogon da ke hannunsa, ya ga lambar bugun zuciyarsa ta fara gangarowa, ya san aikin safiyar nan ya tashi a banza. Ya cire hula ya rusuna.

Malam Mamane ba ya gaisuwar gaggawa. Ya kashe mota, ya fito, ya gyara zaman hularsa, sannan ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi jikin Hajiya wadda jiya-jiya ya je ya dubo. Ya tambayi Ibtissam, ƙanwar Younoussa, da mijinta da yara. Ya tsallaka teku ya tambayi mutanen Faransa da sanyinsu, ya zarce Maraɗi ya tambayi mutanen da dukansu biyu an yi shekaru rabonsu da su. Da ya gama sai ya zagaya ya buɗe but ɗin motar, ya tsaya yana jira.

Abin da Malam Mamane bai taɓa yarda da shi ba, duk da an yi masa bayani har an gaji, shi ne cewa wannan jan tayar sana'a ce. Younoussa yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya sami aiki a kicin ɗin wani otal, a wani gari da ke cikin duwatsun Faransa, ya kwashe iyalinsa ya kai su can. A garin ba ƙwallo ake ba 'yan makaranta ba, siki ake ɗaura musu, wato dogayen katakai biyu da ake zamiya da su a kan dusar ƙanƙara. Sauran yara gangara suke so, shi kuwa hawa ya fi yi masa daɗi. Ashe akwai tseren da aka yi don irinsa. Ana manna wa ƙasan siki wani ƙyalle mai gashi da ke hana shi zamewa baya, a haura dutse da gudu har ƙoli, a ɓare ƙyallen a cusa cikin riga, a gangaro ta inda ko akuya sai ta yi shawara. Kafin ya cika ashirin da biyar sunansa ya shiga cikin waɗanda ake kira da lasifika, hotonsa kuma yana manne a shagon burodin garin. A Greensboro kuwa, ɗan Hajiya mai jan taya ake ce masa.

Bara ne ya faɗi a gangara, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi daga kan dutse. An yi aiki, ya warke, amma gurbinsa a ƙungiya bai zauna jiransa ba. Yanzu, a ƙarshen Satumbar 2005, wuri ɗaya ya rage, mutum biyu suna nema. Kocinsa ya gaya masa a waya, ba kwana-kwana, yana son ya ga shaidar agogo cewa ya ja kaya a tudu awa biyu a jere, ba tsayawa ko ta ɗaure takalmi, kuma gobe da safe zai fitar da suna. Wanda aka bari a baya sai ya kalli tseren bana a talabijin, ga shi Younoussa ya kai shekarun da ba a cika ce wa mutum ya dawo baɗi ba. Abokin takararsa yana can cikin duwatsu yana hawa abinsa. Shi kuwa yana North Carolina, ya zo jinyar mahaifiyarsa da aka yi wa aikin ƙugu, a gidan ƙanwarsa Ibtissam inda take zaune tun rasuwar mahaifinsu. Garin ba dutse, ba dusar ƙanƙara. Ya gwada hawa da sauka a matakalar wani benen ajiye motoci, mai gadi ya kore shi, sai ya koma ga taya.

Awa biyu ba wani abu ba ne a wurinsa. Alkawarin da ya yi ne ya ɗaure shi. Ran da ya fara fita da tayar, wani dattijo ɗan Damagaram ya yi masa hon, shi kuma ya ɗaga sanda ya wuce, yadda ake yi a can. Kafin magariba labari ya isa Maraɗi ya dawo da ƙari: ɗan marigayi ya zama nasara, ba ya gaida manya, har sanda ya nuna wa tsoho. Ran nan mahaifiyarsa Hajiya Oumou ta ƙi cin abinci, sai da ya durƙusa ya yi mata alkawarin ba zai ƙara wuce babba bai tsaya ba. Garin kuwa cike yake da direbobin tasi 'yan Nijar, kuma kaf ɗinsu sun girme shi. Ya koma wajen filin golf na Sedgefield, suka same shi. Ya fita ran Lahadi da sassafe, lokacin da suke ramuwar barci, sai ga Malachy ɗan Kafanchan da motar coci, ya kwashe shi da tayarsa, matan ƙungiyar waƙa suka yi masa addu'ar samun aiki har ƙofar gida. Yau ya zaɓi Summerfield, can bayan gari, bai kuma gaya wa kowa ba sai ita Hajiya da ya shiga gaishe ta da asuba.

Ya kwance igiya, Malam Mamane ya jefa tayar a but, suka shiga mota.

A hanya dattijon ya yi ta nasiha. Ya ce mutane suna magana, a ce gida mai mota uku a fake, amma ɗansu yana jan taya a titi kamar jaki. Ya ce ga shi duk ya bushe, wuya ya yi tsawo, abinci sai an auna masa a sikeli, har wasu suna tambaya ko ciwo ne ake ɓoyewa. In kuwa faci yake sha'awa, akwai wani ɗan Ƙonni mai gareji da ke neman mataimaki. Younoussa ya bari sai da ya sarara, sannan ya tambaye shi cikin ladabi abin da ya kawo shi Summerfield, inda kowane gida motocinsa sun fi mutanensa yawa, ba mai kiran tasi. Malam Mamane ya ce fasinja ya kawo. Ya tambaye shi wane gida. Ya ce wani gida ne mai ciyawa a gabansa.

Nan wayar Malam Mamane ta yi ƙara. Kunnensa ya fara nauyi, saboda haka kullum a lasifika yake amsawa. Ya buɗe ta ya ɗora a cinya.

"Ka same shi?" in ji muryar Hajiya Oumou, tar da ita, ta cika motar. "In ka same shi ka aje tayar nan wurinka, kar ta komo gidan ga."

Malam Mamane ya dubi wayar, ya dubi titi.

"Rong namba," ya ce, ya rufe ta.

Suka ci gaba da tafiya. Da danja ta tsayar da su, dattijon ya sauke ajiyar zuciya ya faɗi gaskiya, don shi dama ba gwanin ƙarya ba ne. Kullum da safe Hajiya takan buga wa ɗaya daga cikinsu waya ta faɗi hanyar da yaron ya bi. Wanda ya kawo shi gida yana da kwanon dambun nama, irin nata, wanda ba a samunsa a kanti. Ya ce shi kam ba don dambun yake yi ba, ko da yake matarsa ta daina mayar da kwanonin don sun yi yawa. Har Malachy ya sami nasa.

"Bon, kar ka ga laihinta, mon fils, ɗana," ya ce. "Uwa ce. Kuma kar ka ce ni na hwaɗa maka."

Ran Younoussa ya ɓaci ƙwarai. Makonni yana zagin sa'arsa, yana canza hanya yana waige-waige, ashe a cikin gida ake sayar da shi, da dambu. Amma kafin su shiga East Greensboro dariya ta ci ƙarfinsa, ya juya fuska wajen taga. Hajiya ba ta taɓa ce masa ya bar siki ba, kuma ba za ta ce ba. Shi ne ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye in akwai mutane, ba ta nuna ya dame ta. Ran da aka fito da shi daga ɗakin tiyata ta zo ta zauna a bakin taga, ta yi ta kushe labulen asibitin har lokacin ziyara ya ƙare. Ibtissam ce ta gaya masa daga baya cewa duk shekarun da suka yi a garin nan na Faransa, in jirgin ceto ya bi ta saman gidansu, Inna banɗaki take shiga ta buɗe famfo har sai ƙarar ta ɓace.

Ya tarar da ita a falo, ta miƙe ƙafa a doguwar kujera, tana jan carbi da fuskar wadda ba ta san komai ba. Ta tambayi bango ko yau ma an dawo da wuri. Anti Prisca tana tsaye a kanta, hannu a ƙugu. Nas ce 'yar Jos da take zuwa motsa wa Hajiya ƙafa, kuma kullum faɗansu ɗaya ne. Likita ya ce a riƙa fita da ita shan iska, Hajiya ta ce ba ta hawa keken guragu tana da ƙafafunta. Keken yana nan naɗe a bayan ƙofa, ya zama maratayin darduma da tawul.

Younoussa ya gaishe su, ya zauna a ƙasa, idonsa ya sauka a kan keken. Tayoyi manya a baya, ƙanana a gaba, ga ƙarfe mai ƙwari daidai inda igiya za ta zauna. Ya daɗe yana kallonsa.

"Anti Prisca," ya ce, "don Allah ki gaya wa Inna tayata ta ɓata. Wai rong namba ce ta ɗauke ta."

Carbin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Ki ce mata tunda ba taya, ita nake roƙo ta hau keken nan in ja ta. Birki yana hannunta. In keken ya tsaya kafin agogo ya cika, ni da kaina zan buga wa koci in ce a ba ɗayan."

Prisca ta dubi wannan, ta dubi wancan. Tsakanin uwa da ɗan bai wuce tsawon tabarma ba, amma ta san gidan, sai ta juya ta maimaita wa Hajiya maganar kalma bayan kalma, har da rong namba. Hajiya ta gyara zama. Mace ce mai jiki, wadda ta yi fataucin atamfa tsakanin Maraɗi da Kano kafin aikin miji ya kai ta cikin sanyi, kuma ba a taɓa jin ta gudu daga ciniki ba.

"Ki tambaye shi, in keken bai tsaya ba hwa?"

"Ki ce mata sai ta sa mini albarka in tafi."

"Ki ce mishi a nuna mini birkin."

Prisca ta ce su dakata, don in wani abu ya faru ita za a kora daga aiki, ba su ba. Sai kuma ta tuna wata guda ke nan tana lallashin matar nan ta hau keken ta ƙi, ga shi yau tana neman a nuna mata birki. Ta kafa nata sharuɗɗan. Hanya ta zama wadda mota ba ta cika bi ba, a ɗaura wa Hajiya bel, a sa mata hular kwano, ita kuma za ta bi su a baya da motarta fitilu a kunne.

Da rana Hajiya, wadda kwanan nan take cewa bakinta ba daɗi, ta tashi da tuwo malmala uku ta kora da fura. Bayan la'asar, da za a fita, ta ce ƙafar da aka yi wa aiki tana son matashi mai tauri, kuma ba abin da ya yi mata daidai sai buhun shinkafar da ke kicin. Ta nemi jarkar ruwa don alwala, ta ce babbar. Ta so a ɗauko turmi ma, Prisca ta rantse in turmi ya shiga motarta ita fita za ta yi. Hular kwanon ce ta kusa ɓata shiri. A ƙarshe aka ɗora ta a kan ɗankwali, aka yafa gyale a sama, Hajiya ta dubi madubi ta ce duk wanda ya ɗauke ta hoto ba ta yafe ba.

Suka koma hanyar safe, ta bayan gonar dawakai. Hanya ce mai tudu da gangara a jere. Ba dutse ba ce, amma in an bi ta an zagayo an sake bi, tana tara wa mutum gajiya. Younoussa ya ɗaura igiya biyu a ƙarfen keken ya ɗaure su a ƙugunsa. Ya bayyana wa Prisca, yadda Inna za ta ji, cewa a gangara dole a danna birki kar keken ya bugi dugadugansa, a tudu kuma a sake shi. Hajiya ta ce wa Prisca ta ji, ita ba yarinya ba ce. Ya yi bismilla ya danna agogo.

Tun a tudun farko ya gane tuwon rana bai tafi a banza ba. Igiya ta nutse a ƙugunsa, ya sunkuya, ya shiga takun da jikinsa ya sani tun yana yaro: sanda, ƙafa, numfashi, sanda, ƙafa. Haka aka koya masa a kan dutse, kar ya kalli ƙoli, ya kalli inda zai caka sandar gaba. Lambar agogo ta hau inda koci yake so ta zauna, ta zauna. Daɗi ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun kafin ya faɗi.

A gangarar farko Hajiya ta danne birki da hannu biyu tana salati, har sai da ya ja ta zuwa ƙasa da ƙarfi. A ta biyu ta ɗan sassauta. A ta gaba ya ji igiya ta yi sako-sako, keken yana bin sa a guje, dole ya buɗe ƙafa. Sai ga wata ƙara daga bayansa wadda bai ji ba tun yana firamare. Inna ce take dariya. Nan take ta mayar da ita tari, ta ce wa iska hanyar nan ƙura gare ta. Wata baturiya a kan doki ta ɗaga musu hannu daga bayan shinge, Hajiya ta amsa da yatsu biyu yadda matan gwamna suke yi.

Amma ba ta manta abin da ya kawo ta ba. Da rana ta fara yin ja, a tsakiyar wani tudu, ya ji keken ya yi nauyi farat ɗaya, sai wani ƙii-ƙii daga tayar dama. Can ta hagu ta amsa. Ba da daɗewa ba warin roba ya iso hancinsa. Prisca ta yi hon daga baya, ta leƙo da kai ta taga.

"Hajiya, ina ganinki fa. Wannan cheating ne."

Hajiya ta ce hannunta ne ya gaji ta ɗora shi a wurin.

Younoussa bai waiwaya ba, tunda shi ya kafa sharaɗin. Ya ƙara sunkuyawa, gumi yana ɗiga daga hancinsa a kan kwalta. Ya lura ba ta kulle birkin duka ba. Da ta so, danna ɗaya ta isa ta ƙare zancen. Tana dai ƙara masa kaɗan-kaɗan, kamar mai zuba gishiri a miya, tana jiran ya tsaya da kansa, don gobe kar a ce ita ta tsayar da shi. Wannan ya ba shi haushi, ya kuma ba shi tausayi, haushin kuwa ya fi amfani a tudu, sai ya riƙe shi.

Gwiwar hagu ta fara magana. Da farko ɗumi ne a wurin ɗinkin, daga baya ya koma suka duk lokacin da ya ɗora nauyi a kanta. Ya rage faɗin taku, ya mayar da aikin ga kafaɗu da sanduna, yadda likitan ƙungiya ya koya masa. Yana cikin haka ya ji ƙas, an buɗe waya a ƙarƙashin gyale. Hajiya ba ta iya raɗa ba, muryar kasuwa gare ta.

"Ka taho yanzu. Awo, hanyar dawakin nan. Kwano biyu."

A nan ne tsoro ya kama shi sosai. Birki da shinkafa da jarka yana iya ja da su, amma ba shi da dabarar da zai yi wa Malam Mamane. Ya dubi agogo. Saura kaɗan, sai dai kaɗan ɗin ya isa tasi ta taso daga gari ta iso, ko da mai tari ce.

Tudun da ya fi kowanne tsayi shi ne wanda aka tsayar da shi a kai da safe. Suna tsakiyarsa ƙafarsa ta hagu ta sauka a kan tsakuwa, daidai lokacin birki ya ƙara cizo, gwiwar ta lanƙwasa ciki. Ya tafi zai kifa, ya tokare da sanduna, wani zafi ya harba daga gwiwa har ƙeya. Ƙara ta kuɓuce masa, 'yar ƙarama. Keken bai tsaya ba. Ya ja ƙafar ya ɗora gaba, ya ɗora ɗayar. A bayansa ya ji Inna ta ja numfashi da ƙarfi, ya ji carbinta ya zame ya faɗi a kwalta, ba ta kuma ce a tsaya a ɗauka ba.

Can gaba kaɗan a kan tudun, mota ta yi tari ta tsaya. Malam Mamane ya fito, ya gyara hula, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya a bakin hanya da hannu a miƙe, yana murmushin wanda aka yi wa alkawarin kwano biyu.

Younoussa ya hango shi. A durƙushe ya yi wa Inna alkawarin nan, ba kuwa a gabanta zai karya shi ba. Ya fara rage taku, ya kai hannu ga hularsa.

"Kai," in ji Hajiya. Wannan karon ba ta nemi Prisca ba, ba ta nemi bango ba. "Wa ya ce ka tsaya? In ana tahe da babba, yaro ne ke amsa gaisuwa?"

Ya mayar da hannu kan sanda.

"Malam Mamane, ina wuni?" ta ce, suna isowa gabansa, suna wuce shi. "Ina gajiya? Ina iyali?"

Malam Mamane ya tsaya da hannu a iska. Amma gaisuwa an riga an fara ta, shi kuwa bai taɓa barin gaisuwa a rabi ba, kuma ba Hajiya ce za a amsa wa daga nesa ba. Ya tattare kaftaninsa ya biyo keken da sassarfa, yana amsawa yana haki. Hajiya ba ta rage masa komai ba. Ta tambayi matarsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kasuwa da hawan jininsa, sannan ta shiga unguwarsu ta Maraɗi ta bi ta gida-gida. Ba su kai ƙarshen layi ba takalminsa ɗaya ya fice, ya dafa shinge yana numfashi sama-sama.

"To dambun hwa, Hajiya?"

Ta ce ya zo gobe ya karɓa, shi ma ya yi aiki.

Sai ƙii-ƙiin ya ɗauke. Keken ya yi sauƙi har Younoussa ya kusa tuntsurawa gaba. Ya san ta ɗauke hannuwanta duka biyu. Bai waiwaya ba, don ya san ba za ta so ya ga fuskarta a lokacin ba, shi ma ba ya son ta ga tasa.

Suka kai ƙoli, hanya ta miƙe kaɗan kafin ta sake gangara. Rana ta kusa faɗuwa. Agogo bai cika ba tukuna, amma yanzu ba abin da ya rage masa sai tafiya.

"A can," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "in za ka gangaro daga dutsen naku, ka riƙa danna birki da wuri."

Ya yi tunanin ya ce mata to, ya bar ta da wannan.

"Inna, siki ba shi da birki."

"Na sani," ta ce. "Ja mu tahi."